Kwalba Ba Ta San Iyaka Ba: Shin Zamba Ce A Ƙetare Da Ita A Karɓi Kuɗinta?

Hausawa kan yi wa kwalba kirari da uwar sharri, amma duk mai kanti a Gwandu ko a Kalgo ya san cewa kwalbar lemo dukiya ce. Idan mutum ya sayi lemo zai tafi da shi gida, mai kanti yakan ce ya ajiye kuɗin kwalba, ranar da ya mayar da ita ya karɓi abinsa. Dalili kuwa shi ne, motar kamfani ba ta sauke kiret cike sai ta ɗauki kiret na kwalaben da aka shanye. Wannan 'yar al'ada da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wasu ƙasashe sun mayar da ita doka, har ta haifar da wata tambaya da ta kai mutane gaban alƙali: shin wanda ya sayi abin sha a wata jiha, ya kai kwalbar wata jihar daban ya karɓi kuɗin ajiya, ya yi zamba ko bai yi ba?

Me ya sa ake sa wa kwalba kuɗi?

Kafin a shiga shari'a, ya kyautu mai karatu ya san abin da ya haɗa masanin halittu da wannan magana. Kwalba ko gwangwani ko gorar roba da aka yar, da zarar damina ta sauka sai ta tara ruwa. Wannan ɗan ruwa ya ishi sauron da masana ke kira Aedes aegypti, mai yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi, domin shi a cikin mazubai yake yin ƙwai, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Daɗin daɗawa, a shekarar 2020 an gano wani sauron cizon zazzaɓi ɗan asalin Asiya, Anopheles stephensi, a Jihar Gombe, wanda shi ma a mazubai yake hayayyafa. Gorar roba kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye ko kara, gama ƙwayoyin halittar da ke narkar da shara ba su iya cinta cikin sauƙi, sai ta toshe magudanar ruwa, kwata ta kwanta. Shi kuwa gwangwanin alminiyam, narkar da tsoho a ƙera sabo yana rage kimanin kashi 95 cikin 100 na makamashin da za a kashe in daga ma'adini aka faro. Saboda haka kuɗin kwalba dabara ce ta sa mutum ya ga hasara in ya yar, ya ga riba in ya tsinta.

Yadda abin yake a Amurka

Jihar Oregon ce ta fara kafa irin wannan doka a 1971. Mutanen Jihar Mishigan suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da tasu a 1976, ta fara aiki a 1978, aka sa senti 10 a kan kowace kwalba ko gwangwani. Jihohi 10 kaɗai ke da dokar, kuma maƙwabtan Mishigan irin su Ohayo da Indiyana ba su cikinsu. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum ya tara gwangwani 10,000 a Ohayo, inda ba a biya ko senti ɗaya na ajiya a kansu ba, in ya ƙetara da su ya karɓi dala 1,000.

Mishigan ta ɗauki wannan laifi ne, amma ta yi masa hawa-hawa. Wanda ya kawo 'yan kaɗan tara ce kawai a kansa, wanda ya kai 10,000 ko fiye yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. A 2008 jihar ta umurci manyan kamfanoni su riƙa sa wata alama ta musamman a kan kayan da za a sayar a cikinta, amma a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke wannan sharaɗi, bisa hujjar cewa jiha ɗaya ba ta da ikon tsara cinikin da ake yi a wasu jihohi. A Kalifoniya ma, a 2023 an gurfanar da mutum 8 'yan gida ɗaya bisa zargin shigo da tan 178 na gwangwanaye da gorunan roba daga Arizona, suka karɓi dala miliyan 7.6.

Darasin albasa da gishiri

Ɗalibin kimiyyar halittu ba zai yi mamakin wannan ba. A yanka albasa a barbaɗa mata gishiri, ba da jimawa ba za a ga ruwa ya tsattsafo. Ruwan ya ratsa tantanin ƙwayoyin halittar albasar ne, daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa, wato abin da ake kira osmosis. Muddin akwai bambanci tsakanin ɓangarorin biyu, kuma tantanin yana da kafa, ruwa ba zai daina ratsawa ba. Haka iyaka take ga kaya, farashi kuwa shi ne gishirin.

Mutanen Kabi sun ga wannan da idonsu. A shekarun da gwamnatin tarayya ke biyan tallafin man fetur, man ya fi arha a Nijeriya bisa ga Nijar da Binin, sai jarkoki suka yi ta kwarara ta garuruwan iyaka irin su Kamba. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wahalar kuwa ta fi faɗa wa mazauna wurin da ba su ji ba su gani ba. Sai da aka janye tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, tazarar farashin ta ragu ƙwarai.

Mu kawo maganar gida

Kafin 27 ga Agusta, 1991, Gwandu da Kalgo da Tambuwal duk a Jihar Sakkwato suke. Ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kabi, kwalbar da ta taso daga Tambuwal zuwa Gwandu ta zama mai ƙetare iyaka, alhali kuwa ba abin da ya canza a jikinta. Ba wanda ya cuci wani in ya mayar da ita a Gwandu, domin kamfanin da ya mallake ta ɗaya ne a jihohin biyu, zai wanke ta ya sake cikawa.

Yanzu mu ƙaddara majalisar Jihar Kabi ta sa naira 50 a kan kowace gorar roba, Sakkwato ba ta sa ba. Ga mutum biyu. Na farko ɗan kasuwa ne, ya saye goruna 20,000 daga hannun 'yan bola a Sakkwato, ya loda a mota, ya rarraba su kashi-kashi don kada a gane, ya karɓi naira miliyan 1. Na biyu yaro ne da ya tsinci goruna 12 a tashar motar Kalgo, waɗanda matafiya suka sayo daga Sakkwato suka sha suka yar.

Na farko ya yi zamba, kuma dalilin a fili yake. Kuɗin kwalba amana ce da aka ajiye a asusu ɗaya, kamar adashi. Wanda bai zuba ba ya zo ya kwasa, daga rabon waɗanda suka zuba ya ɗiba, kuma ya yi haka ne da sani, ta hanyar nuna cewa an biya abin da ba a biya ba. A Mishigan, kaso mafi tsoka na kuɗin da ba a zo an karɓa ba yana tafiya ne asusun tsabtace muhalli, wato kowane gwangwanin sumoga ragi ne daga wannan aiki. Masu kare shi za su ce ai gorunan za a sarrafa su, duniya ta ƙaru. Gaskiya ne, amma goruna ne da tuni aka tattara, ba su rage sauro ko ɗaya a Kabi ba.

Shi kuwa yaron, ya yi daidai abin da aka kafa dokar dominsa. Gorunan a ƙasar Kalgo suka faɗi, sauron da zai fito daga cikinsu mutanen Kalgo zai ciza, kuma bai san inda aka sayo su ba balle ya yi ƙarya. Dokar da za ta haɗa shi da mai mota a hukunci ɗaya ta saɓa wa manufarta. Ashe ke nan ma'aunin zamba abu uku ne: sanin cewa ba a biya ajiyar ba, da ɓoye hakan, da yawan kayan. Layin da ke kan taswira shi kaɗai bai isa ya mai da mutum mazambaci ba.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Jamus ta sa senti 25 a kan gorunan roba da gwangwanaye a duk faɗin ƙasar tun 2003, kuma sama da kashi 90 cikin 100 suna dawowa, ba jihar da ke kukan maƙwabciyarta. Idan Nijeriya za ta bi wannan hanya, gara tsarin ya zama na ƙasa baki ɗaya, da kuɗi ɗaya da asusu ɗaya, tare da alama a jikin gora saboda iyakokinmu da Nijar da Binin. A kuma tuna da mata masu sayen goruna don zoɓo da kunun aya da man gyaɗa, da 'yan bola, waɗanda tun tuni suke wannan aiki ba tare da doka ba.

Ga malamai kuwa, ga aikin damina: ɗalibai su zagaya harabar makaranta su ƙirga mazuban da suka tara ruwa, su duba nawa ne ke ɗauke da tsutsar sauro, su kife su, bayan mako biyu su sake ƙirgawa. Daga nan aji ya yi muhawara a kan mai mota da yaron tasha.