Yadda Ya Kamata A Tsara Kantin Tsaraba A Gidan Tarihi Na Sakkwato

Baƙon da ya zo Sakkwato ya ziyarci Hubbaren Shehu, ya biya ta Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ya ga littattafai da takardun magabata, abin da yakan tambaya daga ƙarshe shi ne inda zai sami tsaraba. A manyan gidajen tarihi na duniya, irin na Landan, akan keɓe kanti dab da ƙofar fita domin wannan bukata. Abin dubawa a nan shi ne yadda za a tsara cikin irin wannan kanti har ya dace da birnin Shehu.

Kayan sayarwa dai ba sai an je nesa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, don fatake sun riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Dukawan Shiyar Madunka suna ɗinka jakunkuna da titimi da gafaka, maƙeran Assada kuma suna nan da aikinsu.

Amma fa fata ba ta shiri da rana. A garin da zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, jakar da aka rataye jikin tagar gilashi, irin yadda ake yi a kantunan zamani, ba za ta daɗe ba launinta zai kwashe, ta bushe ta tsattsage. Ƙurar hunturu kuwa ba ta barin komai. Saboda haka tsarin zaurenmu na gargajiya ya fi dacewa, watau bango mai kauri, da ƙananan tagogi can sama, da alkuki a jikin bango inda za a ajiye ƙananan kaya. Wajen jera kayan kuma, ai matanmu sun riga kowa. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ya ga yadda ake jeren kwanoni da faya-fayai, manya a ƙasa ƙanana a bisa, ya san ba sai an ɗauko gwani daga waje ba.

Akwai kuma batun doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Don haka lalle ne a raba kantin da ɗakunan nuni, kuma kowane kaya a maƙala masa 'yar takarda da boko da ajami, mai nuna cewa sabon aiki ne, da sunan wanda ya yi shi, da shiyarsa, da farashinsa. Wannan takarda za ta kuɓutar da baƙo daga tuhumar ma'aikatan kwastan a filin jirgin sama, ta kuma nuna masa ƙofar badukun in yana son ƙari.