Ciwon da ba ya barin tabo

Sojan da harsashi ya sama yana da shaidarsa a jiki: ya ɗaga riga, likita ya gani, magana ta ƙare. Wanda baya da gwiwa suka lalace masa kuwa ba shi da abin nunawa. Sai dai ka gan shi a masallatan unguwar Hausawa ta New Bell a Douala ya jawo kujerar roba ƙarshen sahu, don ruku'u da sujada sun fi ƙarfinsa.

Ciwon a hankali yake shiga. A gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi, tsakanin ƙasusuwan baya kuma akwai 'yan faya-fayai masu taushi da ke shanye girgiza. Shekara da shekaru ana dakon bindiga da jaka, ana dirowa daga mota, sai su cinye, kuma guringuntsi in ya tafi ba ya dawowa. Hoton ƙashi zai nuna lalacewar, amma ba zai faɗi wanda ya jawo ta ba. Nan ofishin fansho yake fakewa ya ce ai tsufa ne.

Mazan jiya na Kamaru sun daɗe da sanin wannan jan ƙafa. A Douala hafsan sojan Faransa Leclerc ya sauka a watan Agusta na 1940, 'yan Kamaru suka bi tutar Faransa zuwa yaƙi. A Disamban 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta rena, na Faransawa yana ta hawa, nasu yana tsaye cik. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya ƙi haƙura ya kai ƙara. Kotun ƙolin harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, alhali ƙasa ta riga ta rufe idonsa. Fanshon nakasa sai 2007 aka daidaita shi, sauran kuma 2011, shi ma sai wanda ya rubuta ya nema. Gwauraye nawa aka taɓa gaya wa haka?

A dokar Faransa, rauni yana samun fansho daga nakasar kashi 10 cikin 100, amma cutar da ta kama soja ba a lokacin yaƙi ba sai ta kai kashi 30. Saboda haka ɗaukaka ƙarar mai gwiwa yakan tsaya kan tambaya guda: faɗuwa ya yi rana kaza a bakin aiki, ko ciwo ne ya taso? Layi ɗaya a littafin asibitin bariki yana iya raba gardamar.

Abin da ke damuna shi ne samarin sojojin Kamaru da ke fafatawa da Boko Haram a yankin Arewa Mai Nisa tun 2014. Soja yana jin kunyar cewa bayansa na ciwo, sai ya sha magani ya yi shiru, ba a rubuta komai ba. Bayan shekara ashirin zai je ofishin mazan jiya na ONACAM hannu rabbana. Iyaye da mata su matsa masa ya ga likitan soja ranar da ya ji ciwon, ya karɓi kwafin takarda, ya ajiye a gida inda ruwan Douala ba zai kai gare ta ba.