Ko Ka Sani? Abin da Ɓarawo Ke Nema a Jikin Batir da Tukunyar Gas

Batir da tukunyar gas na cikin kayan da suka fi saurin yin ɓatan dabo a wuraren ajiya: garejin manyan motoci, shagon cajin waya, masallaci mai sola, asibitin shakatafi da bayan ɗakin girki. A Dutsen Abba, ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Zariya, da unguwannin Tudun Wada, ƙarancin wutar Nepa ya sa jama'a sun karkata ga sola da inbata. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu ma sun mayar da janaretocinsu masu aiki da gas. Matsalar satar ba ta tsaya a nan gida kaɗai ba. A Amurka, motocin shaƙatawa masu ɗakin kwana da ake ja a baya suna ɗauke da batir da tukwanen gas a waje, a kan ƙarfen jan, kuma su ake fara kwancewa idan motar ta daɗe a ajiye.

Batirin mota da yawancin na inbata iri ɗaya ne da wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. A cikin mai bolt 12 akwai ɗakuna shida, kowane da farantan dalma jiƙe a cikin ruwan batir, wato asid da aka sirka da ruwa. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir ke nuna 12.6 a mita. Dalma ce kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Babban batirin inbata mai lamba 200 yakan kai kilo 60, ke nan akwai dalma fiye da kilo 30 a cikinsa. Ita kuwa dalma tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, ana kuma sake sarrafa ta sau ba adadi ba tare da ta rage inganci ba. Don haka mataccen batir ma kuɗi ne: 'yan gwangwan kan ɗora shi a sikeli su biya, daga nan ya bi manyan motoci zuwa masana'antun narka dalma, irin waɗanda ke Ogijo a jihar Ogun. Ɓarawo bai damu da batir yana riƙe caji ko ba ya riƙewa ba.

Tirela da tanka sun fi shiga haɗari, domin suna aiki da bolt 24, wato batir biyu manya da aka haɗa, a cikin akwati a gefen motar, bayan ɗakin direba. Murfin akwatin sau da yawa ƙugiya ce kawai ke riƙe da shi. Mai sifana ɗaya a aljihu zai iya kwance su cikin 'yan mintuna, mai gaggawa kuma ya datse wayoyin ya bar wa mai mota asara biyu. Wannan na cikin dalilan da suka sa yaran mota ke kwana a jikin motocinsu a wuraren da ake yada zango kamar Kwangila da Mararrabar Jos.

Ita kuma tukunyar gas abin da ya sa take da farin jini wurin ɓarayi shi ne rashin shaida. A Indiya da Maroko da Brazil, tukunya tana yawo ne ƙarƙashin sunan kamfani: mutum ya kai fanko a ba shi cikakkiya. A Najeriya kuwa galibi mutum ne ke sayen tasa ya riƙa kai ta ana cika masa, kuma babu mai tambayar rasit a wurin ɗuri. Mai kilo 12.5 ko mai kilo 6 tana hawa bayan babur cikin buhu, gobe a shafe ta da sabon fenti a sayar a matsayin ta hannu.

Dabara ta farko da kowa ke yi ita ce shigar da kayan cikin ɗaki a kulle, amma a nan ne wani haɗarin yake. Batir idan yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Gas ɗin girki, wanda haɗin furofen da buten ne, yana kamawa tun daga kusan kashi 2. A cikin tukunya ruwa ne, amma idan ya fita lita ɗaya takan zama tururi kusan lita 250. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane yoyo. Iskokin biyu kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Haidurojin ta fi iska sauƙi, tana taruwa a saman rufi. Gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, ya bi kwata ya cika rami. Saboda haka ma'ajiyar batir tana buƙatar kafar iska a sama, ta gas kuma a ƙasa, kuma ba a haɗa su wuri guda, domin tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa. Fashewar da ta auku a wani shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, a watan Janairun 2020, wadda ta yi ajalin shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, Farfesa Simon Mallam, ta nuna ƙarfin abin da ke cikin tukunyar.

Abin da ya haɗa tsaro da shan iska shi ne kejin ƙarfe. Masu walda kan yi shi da ƙarfe mai kusurwa da rodi, a dasa ƙafafunsa a cikin kankare, a sa masa rumfar kwano don inuwa. Maƙalan ƙofar a ciki ake liƙa su, yadda ba za a buge su daga waje ba. Kwaɗo kuma a yi masa 'yar rumfar ƙarfe da za ta rufe wuyansa, hannu da mabuɗi su shiga ta ƙasa, amma zarto da almakashin ƙarfe su rasa wurin kamawa. Akwatin batirin tirela ma haka: sandar ƙarfe a gicciye bisa murfi, da kwaɗo a ɓoye. Idan sarƙa za a sa wa tukunya, ta cikin zoben hannunta ake zura ta, ban da wuyan bawul, kuma a tsaye ake ajiye ta.

Motar da za ta yi makonni a ajiye, gara a cire mata batir gaba ɗaya. Ana fara kwance kan da ke da alamar ragi, sannan mai alamar tarawa, wajen mayarwa kuma a juya tsarin. Batirin da ke zaune yana zubar da cajinsa da kansa, kuma zafi irin na Maris da Afrilu yana ƙara saurin hakan. Idan aka bar shi babu caji, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantan, ya daina karɓar wuta. Shi ya sa ake auna shi duk wata, a yi masa caji idan ya sauka ƙasa da 12.4, a ƙara masa tataccen ruwa idan mai murfi ne, ba ruwan rijiya ba.

Alama ma tana rage wa kaya daraja a idon ɓarawo. Ana rubuta suna da fenti mai ƙarfi a jikin batir, a ɗauki hoton lambarsa da waya, a adana rasit. Tukunya tana da lamba da shekarar ƙira da aka buga a zobenta. Fenti kawai ake yi mata alama da shi. Walda ko huda ko dukan ƙusa suna raunana ƙarfen. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, don haka wadda aka goge wa lamba ba a san nata wa'adin ba, balle mai ita.

Ƙarshen tsaron yana hannun mai saye, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma kasuwar da ke karɓar kaya babu tambaya ita ce ke kiran ɓarawo. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar jari-bola saboda yawan kwance kayan gwamnati da na jama'a. A matakin unguwa, abin da ya fi aiki shi ne masu awon gwangwan su riƙa rubuta sunan wanda ya kawo batir, 'yan sintiri da mai unguwa su san lambobin kayan masallaci da asibiti, mai sayen na hannu kuma ya nemi rasit kafin ya biya.