Lezar Iskar Gas da Binciken Hasken da Iska Ke Haɗiyewa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana kimiyya suka samo fitilar da za su haska wani yanki na haske da ido ba ya gani, wanda kuma ba ya iya ratsa iskar da ake shaƙa. Ana auna haske ne da tsawon zangonsa, ma'auninsa kuwa shi ne nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne kawai, daga shunayya zuwa ja, kamar yadda launuka ke jere a bakan gizo. Abin da ya gaza 400 shi ake kira hasken bayan-shunayya. Idan kuwa zango ya gaza 200, to iskar oksijin tana haɗiye shi, don haka tilas a zuƙe iskar da ke cikin na'ura kafin a yi aiki da shi.

Dalilin Neman Wannan Haske

Kowane sinadari yana da zangunan hasken da yake sha da waɗanda yake fitarwa, su ne tamkar tambarin yatsarsa. Aikin masu tantance haske shi ne karanta wannan tambari. Sai dai tambarin sinadarai da dama, irin su haidirojin da naitirojin, ya fi fitowa ne a yankin da iska ke haɗiyewa. Bajamushe Victor Schumann shi ya fara kutsawa can a shekarar 1893, bayan ya musanya gilashi da dutsen filorait, ya kuma zuƙe iskar na'urarsa. Daga bisani Theodore Lyman na Jami'ar Harvard ya gano jerin layukan haidirojin da ake kira da sunansa, wanda mafi ƙarfinsu yake a nanomita 121.6. Amma fitilun wancan zamani haskensu raunana ne, kuma a warwatse yake.

Zuwan Leza

Leza fitila ce da ke fitar da haske mai ƙarfi, mai zango guda, a miƙe kamar zare. Ali Javan da abokan aikinsa ne suka ƙera lezar gas ta farko a Amurka a 1960, da gaurayen hiliyom da niyon. To, amma gajarta zangonta ya zama jan aiki, saboda dalilai biyu. Na farko, gwargwadon gajartar zango, gwargwadon saurin da ƙwayoyin zarra ke zubar da ƙarfin da aka ɗura musu, don haka sai an ɗura shi da yawa cikin ƙiftawar ido. Na biyu, gilashin da aka saba da shi ba ya barin wannan haske ya wuce. Ko tagar litiyom filoraid, wadda ta fi kowace jurewa, tana toshewa a wajen nanomita 105.

A shekarar 1970 aka karya wannan shinge. A Amurka aka sami lezar haidirojin mai zango kimanin 160, a Mosko kuma Nikolai Basov da abokansa suka sami hasken leza daga narkakken zinon. Wannan ne mafarin lezar da ake kira eksaima, wadda hikimarta ita ce zarra biyu suna haɗuwa ne kawai yayin da aka ɗura musu ƙarfi, da zarar sun fitar da haske sai su rabu. Tun da sun rabu, babu mai sake shanye hasken. Daga wannan zuriya da makusantanta aka sami lezar argon da filorin mai zango 193, da ta filorin zalla mai 157. Ta farkon ita ake amfani da ita wajen gyaran ido da zanen ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Naƙasu da Maganinsa

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Mai tantance haske yana bukatar fitilar da zai riƙa sauya zangonta sannu a hankali, alhali lezar gas kusan a kafe take wuri guda. Maganin ya sake fitowa daga gas ɗin: idan aka harba hasken leza mai ƙarfi cikin zinon ko kirifton, sai zangunan su gauraya su haifi wani gajere. Alal misali, haske mai zango 355 yana komawa 118 cikin zinon. Idan kuma lezar da aka harba mai sauyuwa ce, hasken da aka haifa ma zai sauyu.

Kammalawa

Da wannan dabara ce masana a Jamus da Ostiriya suka motsa cibiyar zarrar toriyom-229 da haske mai zango 148 a shekarar 2024, abin da aka shafe shekaru ana nema, domin shi ne matakin farko na ƙera agogon da ake fatan zai zarce na yanzu daidaito. Ke nan gas ya yi aiki biyu a wannan fage: ya zama fitila, ya kuma zama mazubin da ake sarrafa hasken wata fitilar a cikinsa.