Hoto a Cikin Kogo: Me Ke Ɓata Launi?

In kiwo ko fatauci ya taɓa kai ka Birnin Kudu a jihar Jigawa, ko tsaunukan Ennedi a arewa maso gabashin Chadi, wataƙila ka ga shanun da mutanen da suka zana a jikin duwatsu da bangon kogwanni. Ennedi ma tun 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Duk wanda ya gani sai ya zaro waya. To amma da ka duba hoton, gefe guda ya yi shuɗi-shuɗi, ɗayan ya yi ruwan ɗorawa, jar saniyar kuma ba haka idonka ya gan ta ba.

Wayarka lafiyarta lau, malam. Haske ne kowanne da launinsa, ana kuma auna shi da ma'aunin Kelbin. Harshen aci-balbal wajen 1900 ne, ja-ja. Rana tsaka wajen 5500. Hasken inuwa da ke shigowa ta bakin kogo yakan kai 7000, shuɗi-shuɗi. Ido yana gyara wannan da kansa. Ita kuwa waya haske ɗaya take ɗauka a matsayin fari, ta daidaita sauran launuka a kansa. In biyu suka haɗu, ta gyara wannan ta ɓata wancan.

Don haka ka tsaya kan guda. In zanen yana kusa da bakin kogo, kashe tocila da filasha, ka jingina wayar a kan dutse kada hannu ya yi rawa. In can ciki ne, abokin tafiya ya tare hasken waje da bargo, a haska da tocila ɗaya daga gefe. Sai a riƙe farar takarda kusa da zanen, ka shiga sashen Pro na kyamara, ka taɓa WB, ka yi ta ja har takardar ta fito fara fat. Kada ka gwada da rigar da aka sa wa bula, farinta ya riga ya karkata zuwa shuɗi.

Wuta kam kada a hura, hayaƙi yana rufe zanen. Kada kuma a watsa masa ruwa wai don launi ya fito.

Kai ɗan kasuwa, haka abin yake a shagonka. Ƙwan lantarki a sama, hasken rana ta ƙofa, ka ɗauki atamfa ka tura ta WhatsApp. Kaya su tsallake iyaka, mai saye ya ce ba kalar da ya zaɓa ba ke nan. Kashe ƙwan, ka fito da ita inuwar bakin shago ka ɗauka.