Tuna baya: Ina na'urorin gem na hannu da suka raini yaran Yola suka shige?

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je gida a unguwar Makama da ke cikin garin Yola, sai mahaifiyarmu ta sa na sauko mata da wani tsohon akwatin ƙarfe. Zannuwa take nema. A ƙarƙashinsu kuwa, cikin takardun sakamakon jarrabawarmu na firamare, sai ga wata 'yar na'ura mai launin toka, an rubuta mata Brick Game 9999 in 1 a goshi. Murfin batirinta ya daɗe da ɓacewa, robar ɗaure kuɗin da muka maye gurbinsa da ita kuma ta narke ta manne mata a baya.

Na kankare tsatsar da ta ci mazaunin batirin da reza, na zaro batir biyu daga rimot ɗin talabijin na saka mata. Sai ta saki 'yar ƙarar nan tata mai tsini. Yayana, wanda muke kira Hamma, yana can tsakar gida yana alwala, amma nan take ya ɗago kai. Ɗansa mai shekara takwas ya karɓe ta, ya shafa yatsa a kan allon, ya ga babu abin da ya motsa, ya miƙo mini abata ya koma kan wayar mahaifiyarsa.

Wannan ta tsira ne kawai saboda an manta da ita. 'Yan'uwanta da suka cika aljihunan yaran Yola da Jimeta a shekarun 1990 sun daɗe da bin buhunan 'yan jari-bola, alhali su ne allon lantarki na farko da yawancinmu muka taɓa riƙewa a hannu.

Na'ura ɗaya, yara goma

An ƙirƙiri Jihar Adamawa daga tsohuwar Gongola a watan Agustan 1991, kuma yaran da aka haifa a wannan tsakanin sun tashi ne a lokacin da talauci ya fara cizo. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda aka soma a 1986, ya karya darajar Naira, kayan wasan da ake shigowa da su daga Japan da Amurka suka fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati. Wutar NEPA ba ta da tabbas. Saboda haka na'urar da ke aiki da ƙananan batura biyu, wadda kuɗin barka da Sallah ke iya saye, ita ce ta dace da zamanin.

Ta hanyoyi uku take shigowa gidajenmu. Ko yaro ya tara kuɗin yawon Sallah a raka shi kasuwar Jimeta, ko wani kawu ya zo da ita daga Kano ko Legas, ko kuma ta fito daga jakar tsarabar alhazai tare da tasbaha da dabino da 'yar kyamarar robar nan da ake leƙawa a ga hoton Ka'aba.

Sai dai duk wanda ya mallake ta, ba tasa ba ce shi kaɗai. Bayan an taso daga makarantar allo, a dakalin ƙofar gida ko a zaure, za ka ga kawuna goma sun haɗu a kan allon da bai kai faɗin tafin hannun yaro ba, ana ba mai bugawa shawara da Hausa da Fulatanci a lokaci guda. Akwai dokokin da babu wanda ya rubuta su, amma kowa ya san su. Wanda ya mutu a wasa ya miƙa wa na gaba. Wanda ya sayo batir yana da zagaye biyu. Wanda ya kafa maki mafi yawa sai ya samu shaidu, domin da zarar an zare batir makin ya goge. Idan batir ya yi sanyi, a ciro shi a ɗan cije shi ko a shanya shi a rana, a sake sakawa a ci gaba na 'yan mintoci.

Lambar 9999 ɗin nan ma dabarar 'yan kasuwa ce. Ainihin wasannin 'yan ƙalilan ne: jera bulo, tseren mota, maciji, tankar yaƙi da fasa bango. Sauran duk maimaici ne da aka sauya wa gudu ko aka juya musu fuska. Mun gane haka tun muna yara, amma bai hana mu ƙirgawa ba.

Daga Kyoto da Mosko zuwa bakin Binuwai

Ba mu san cewa abin da ke hannunmu jikan wasu manyan ƙirƙire-ƙirƙire ba ne. Kamfanin Mattel na Amurka ya fitar da Auto Race a 1976, ya biyo da Football a 1977, waɗanda ke amfani da jajayen ɗigon haske a matsayin mota ko ɗan wasa. A 1978 aka fito da Simon, na'urar da ake ɗorawa a kan tebur, mai maɓallai huɗu masu launi da ke gwada ƙarfin haddar mutum.

Babban sauyin ya zo ne daga Nintendo, kamfanin da aka kafa a birnin Kyoto a 1889 domin buga katin wasa. An ruwaito cewa injiniyansa Gunpei Yokoi ya ga wani fasinja a jirgin ƙasa yana danne-dannen kalkuleta don rage zaman kaɗaici, sai tunani ya zo masa. A watan Afrilun 1980 aka fitar da Game & Watch, wadda ta haɗa wasa guda da agogo, kuma an sayar da sama da miliyan 43. Maɓallin nan mai rassa huɗu da ake juya ɗan wasa da shi ya shahara ne daga samfurinta na Donkey Kong na 1982. Aƙidar Yokoi ita ce a ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi arha a yi mata sabon amfani. Da ita ya jagoranci ƙera Game Boy a 1989, wadda ita da ƙanwarta mai launi aka sayar da fiye da miliyan 118.

Shi kuwa wasan jera bulo, sunansa Tetris, kuma Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, zamanin Tarayyar Sobiyet. Siffofi bakwai ne kacal, kowace da murabba'i huɗu. Masana'antun Sin ne suka kwaikwaye shi, suka zuba shi a cikin roba mai arha, suka cika kasuwannin duniya da shi. A unguwarmu Game Boy ta 'ya'yan manyan ma'aikata ce, sai dai a gan ta daga nesa. Brick Game ce ta talaka.

Ranar da waya ta shigo

Ba iyaye ko malamai ne suka raba mu da ita ba, duk da bulalar da aka sha a kanta. Wayar salula ce. Kamfanin Nokia ya saka wasan maciji a wayarsa ta 6110 a 1997, sannan ya fitar da 3310 a shekarar 2000. Da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, kuma suka bazu zuwa jihohi a shekarun da suka biyo baya, sai macijin ya koma cikin wayar yayye da iyaye. Gidajen gem masu janareta suka ɗauke manyan yara da wasan ƙwallo a talabijin. 'Yar na'urar ta koma kwandon tarkace.

Har yanzu akan ci karo da sababbinta a wajen masu kayan wasan yara, amma abin da ya tafi ba na'urar ba ce kaɗai. Layin jiran nan ne, da haƙurin da yake koyarwa, da sanin cewa abin hannunka akwai mutum tara da ke da haƙƙi a cikinsa. Ɗan Hamma yana da wasanni a waya da suka fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma shi kaɗai yake bugawa.

A can kayan tarihi, a nan kayan bola

A wasu ƙasashen tara irin waɗannan na'urori ya zama sana'a da fagen ilimi. Gidan tarihin wasanni na The Strong da ke Rochester a jihar New York yana adana su. Nintendo ya buɗe nasa gidan tarihin a Uji, kusa da Kyoto, a watan Oktoban 2024, bayan ya sake fitar da Game & Watch a 2020 domin masu begen ƙuruciyarsu. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon kaset ɗin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56.

Kada wannan ya sa wani ya zaci akwai dukiya a akwatin mahaifiyarsa. An ƙera Brick Game da yawan gaske, ba ta da tsada ko a wajen masu tarawa. Waɗanda ke da daraja su ne Game & Watch da Game Boy na asali, musamman masu kwali da takardunsu. Darajar tamu ta shaida ce: ita ke nuna yadda yaron Arewa ya fara hulɗa da fasahar zamani, da abin da iyayensa suka iya saya masa.

Yola gari ne da ya san muhimmancin ajiya. Tun da Modibbo Adama ya kafa shi a 1841, iyalai ke riƙe da littattafan kakanni da aka rubuta da hannu, gidan tarihin Fombina da ke fadar Lamiɗo kuma yana adana kayan sarauta. Kayan ƙuruciyar talaka ne ba su da mai ajiye su. Wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. A cikin irin wannan tulin ne abin wasanmu ke ƙarewa, a fasa shi don 'yar wayar da ke ciki.

Ga wanda tasa ta rage

Maƙiyan waɗannan na'urori uku ne, kuma duk suna nan a Yola. Na farko batir: idan aka bar shi a ciki yakan tsiyayar da ruwan da ke cinye ƙarfe, don haka a zare shi kafin a ajiye. Idan farin garin batirin alkalin ya taru, a goge shi da auduga da ɗigon ruwan lemon tsami, a bari ya bushe sarai. Na biyu zafi: a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40, kuma rana na ƙona fatar allon ta yi baƙi, saboda haka ba a barin ta a taga ko a cikin mota. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke shiga ƙarƙashin robar maɓallai ta hana su aiki. Mai gyaran agogo ko rediyo zai iya buɗewa ya goge da sifirit. Amma idan ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashin baƙin ɗigon nan na cikin Brick Game ta mutu, babu gyara. Ko a hakan a ajiye gangar jikin, a rubuta shekarar da aka saye ta da wanda ya saya a 'yar takarda, a haɗa su wuri guda.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wataƙila haka ne, amma akwai tuna bayan da ke da amfani ga na gaba. A daren da zan koma Abuja aka ɗauke wuta, cajin wayoyin gidan ya ƙare. Hamma ya ɗauko na'urar ya zauna a tabarma kusa da fitila, ya fara jera bulo. Ba a jima ba ɗansa ya matso, 'ya'yan maƙwabta biyu suka biyo shi. Da bulo ya cika allo, yaron ya miƙa hannu, sai uban ya gaya masa cewa akwai wanda ya riga shi zuwa, ya jira layinsa.

Na bar musu ita, bisa sharaɗin za su riƙa zare batirin idan sun gama.