LAMBAR DA KWAMFUTA KE TSORO: 2,147,483,647

Jama'a masu karatu, ga wata tambaya. A ce ranar ɗaya ga wata an ba ka ƙwayar gero ɗaya, kashegari biyu, rana ta uku huɗu, kullum ana ninkawa har kwana 31. Ƙwaya nawa ka tara? Amsa ita ce 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan 147 da ɗoriya.

Wannan lamba tana da tarihi. Da farko dai mara ce, ba cika ba. Sa'an nan tana cikin jinsin lambobin da ba su rabuwa, irin su 3, 7 da 31, waɗanda babu abin da ke raba su daidai ba saura sai 1 da su kansu. A cikin wannan jinsi ma tana da dangi na musamman. Idan ka jera 2 sau 31 ka yi ta ninkawa, ka cire 1, ita za ka samu. Irin waɗannan ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan wani limamin Kirista na Faransa da ya rasu a 1648.

Wanda ya tabbatar ba ta rabuwa shi ne Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, a 1772. Babu na'ura a lokacin, kuma idanunsa sun riga sun kusan mutuwa. Ta yi shekaru da dama tana riƙe da kambun girma a jinsinta. Amma wadda aka gano a 2024 tana da alƙaluma fiye da miliyan 41.

To, ina ruwan mai shago ko ɗan makaranta da ita? Kwamfutoci da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa, saura 31. Saboda haka iyakar ƙidayarsu ita ce wannan lamba tamu. A 2014 sai da YouTube ya faɗaɗa ma'auninsa, domin masu kallon wata waƙar Psy, mawaƙin Koriya ta Kudu, sun kai wannan adadi.

Babbar damuwa tana gaba. Irin waɗannan na'urori suna ƙidayar lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairu, 1970. Ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT. Sakan ɗaya bayan nan, wadda ba a gyara ba za ta ɗauka ana cikin Disamba, 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci masu gurbi 64 galibi sun tsira. Abin dubawa shi ne tsofaffin na'urori da ke ɓoye cikin injuna da ofisoshi, musamman a ƙasashenmu inda kayan gwanjo ke daɗewa ana mora.

Iyaye, ku gwada yaranku da tambayar geron nan a daren yau. Wanda ya kai kwana goma bai yi kuskure ba, zai samu 1,023, kuma ya cancanci tukuici.